Kunkurun da ke mana shara: wata 7 da mutum-mutumin shara a gidan Bahaushe

Sana'ata haɗa sola da gyaran inbata a nan Kano, saboda haka duk abin da ke da batir a cikinsa hannuna ƙaiƙayi yake yi sai na kwance shi na ga hanjinsa. Na faɗi wannan tun da wuri don kada a ɗauka kowa ne zai yi haƙurin da na yi da wannan na'ura. Wani ko sati biyu ba zai cika ba zai mayar da ita kwalinta ya tura ƙarƙashin gado.

Saboda uwargida na saye ta. An yi mata aiki wajen haihuwar autarmu a ƙarshen Oktoba, likita ya ce ban da sunkuyo, ban da ɗaukar kaya, ga hunturu yana bakin ƙofa. Wanda ya san hunturun Kano ya san shara sau ɗaya a rana wasan yara ce: a share falo da hantsi, kafin azahar yaro ya rubuta sunansa da yatsa a kan tayil. Wani aminina da ke zuwa Guanzu saro fanel da batira na roƙa ya taho mini da ita. Kuɗin da ta ci, har da ladan ɗauko ta, sun kusa sayen ƙaramin firji. Sunan kamfanin kuwa ba zan faɗa ba. Ba su ba ni ko sisin talla ba, kuma irin waɗannan na tsaka-tsakin farashi in ka ga ɗaya ka ga goma: faifai ne mai kauri, faɗinsa santimita 35, tsayinsa bai cika 10 ba, da wata 'yar hula zagayayya a ka.

Ana ce masa mutum-mutumi, amma babu abin da ya haɗa shi da siffar mutum. Yara na ganinsa suka ce kunkuru, sunan kuma ya bi shi har yau. Daren farko wajen ƙarfe 2 aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai kawai Kunkuru ya rangaɗa magana da Sinanci, da muryar mace, daga lungun falo. Hajiya, surukata, da ta zo taya 'yarta jego, daga ɗakina ina jiyo a'uziyyarta. Da yake akwai kunya tsakaninmu, ta bakin uwargida saƙon ya iso da safe: "Hajiya ta ce a gaya wa Malam, ko ya fitar da abin nan ko ya koya masa yin shiru." Na mayar da shi Turanci na rage masa murya. Hausa dai ba ta cikin harsunan da aka zuba masa.

Ranar da na fara sakinsa na zauna da waya a hannu ina kallon gidana yana fitowa a manhaja kamar ana zana shi da alli. Ga bangon falo, ga ƙafafun kujeru kamar ɗige-ɗige, ga lungun da firji yake. Cikin minti 12 ya gama zagaye ɗakuna uku da falo ba tare da ya share komai ba, kallo kawai ya yi. Gaskiya a ranar na sara wa waɗanda suka ƙera shi.

Sirrin yana cikin hular nan. Na buɗe ta daga baya: ɗan ƙaramin hasken leza ne da ido mai karɓar hasken a gefensa, an ɗora su a kan faifan da wata 'yar mota ke juyawa da belt, kusan sau 5 a daƙiƙa guda. Hasken ya bugi bango ya dawo, daga inda ya sauka a cikin idon sai na'urar ta lissafa nisan bangon. Wannan ita ake kira laida. Ban da ita, yana ƙirga juyawar tayoyinsa don ya san tafiyar da ya yi, kuma yana da jairo irin na cikin waya mai gaya masa kwanar da ya sha. Inda wuyar take shi ne, ba za ka zana taswira ba sai ka san inda kake tsaye, ba kuma za ka san inda kake tsaye ba sai da taswira. Shi yana yin biyun ne lokaci guda, ya yi kirdado, ya duba bango, ya gyara kirdadonsa. Masana suna ce wa wannan dabara SLAM, kuma wani kamfanin Amurka mai suna Neato ne ya fito da injin shara mai leza a ka tun 2010. Abin da ya kasance na masu hannu da shuni a lokacin, yau ga shi a falon mai gyaran inbata.

Kuskurensa na farko dariya ya ba mu. Sif ɗin uwargida yana da madubi har ƙasa. Hasken leza ya bugi madubin ya karkata, sai Kunkuru ya zana wani ɗaki a bayan sif ɗin, daidai girman nata, ya shige har cikin gidan maƙwabcinmu. Na nuna mata na ce ashe muna da ɗaki na huɗu ba mu sani ba. Ta ce, "To, Abban yara, a ba ni makullinsa tun kafin ka fara tunanin wadda za ka saka a ciki." Na liƙa takarda mai faɗin tafin hannu a gindin madubin na sake taswira, ɗakin ya ɓace, zaman lafiya ya dawo.

Inda ƙasa take tayil fili, ba ni da abin cewa sai yabo. Yana bin gefen bango tukuna, sannan ya cike tsakiya layi-layi kamar mai huɗar gona, ba ya tsallake kunya ko ɗaya. Ƙarƙashin gado, inda sai an yi rub-da-ciki da doguwar tsintsiya, shi shigewa kawai yake yi. Kuma tsotsa yake yi, ba ya tayar da ƙura ta bi iska ta dawo ta kwanta bayan minti 10 kamar yadda tsintsiya ke yi. Babbar 'yata mai yawan atishawa da safe ta samu sauƙi, wannan da idona na gani. In ya hau kafet yakan ji buroshinsa ya yi nauyi, motar ta ƙara jan wuta, sai ya ƙara ƙarfin tsotsa da kansa, kana jin ƙararsa ta canza.

Sai dai kwandon shararsa bai kai rabin lita ba, kuma waɗanda suka auna shi ba su taɓa kwana a Kano cikin Janairu ba. Ƙurar nan fara mai laushi kamar hoda, wadda yawancinta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar busasshen laka, ita ce ke toshe matatarsa. Littafinsa ya ce a wanke matata duk sati biyu. Ni a tsakiyar hunturu kullum sai na kakkaɓe ta, duk kwana 3 na wanke, sannan a jira ta bushe kwana guda cur kafin a mayar. In ba ka da ta biyu, ranar nan sai tsintsiya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Hasken lezar nan layi ɗaya yake kallo, a miƙe, kimanin santimita 9 daga ƙasa. Duk abin da bai kai wannan tsayin ba, a wurin Kunkuru babu shi a duniya sai ya taka shi. Mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take. A ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke salla, a ƙasa yara ke karatun allo da aikin makaranta, a ƙasa ake cajin waya saboda soket ɗin yana can gindin bango. Wanda ya zana wannan na'ura gidan da ya hango shi ne wanda komai yake kan tebur ko cikin durowa, ƙasa kuma ba kowa sai ƙafafun kujera.

A watan farko kaɗai ga abin da na zaro daga bakinsa: wayar caja 3, ɗaya ta tsinke, carbin Hajiya, wanda Allah Ya taimake ni zarensa bai katse ba, safar makaranta, igiyar hijabi, ƙwallon dabino da ya maƙale a buroshi ya yi ta ƙara kamar injin markaɗe. Sallaya mara nauyi naɗe ta yake yi ya ja ta har tsakiyar ɗaki, sannan ya tsaya yana kiran a zo a cece shi. Tabarmar roba in gefenta ya fara zarewa, to ya samu abin ci. Ruwa kuwa bai san shi ba sam. In yaro ya kifar da kofin kunu, ta ciki zai bi ya shafe falo da shi layi-layi, cikin tsari mai kyau.

Duk waɗannan a yi dariya a wuce. Abin da ba na dariya ba shi ne na kasko.

Na saita masa lokaci a manhaja ya riƙa tashi da kansa ƙarfe 5 na yamma. Wata Juma'a uwargida ta sa turaren wuta a ɗan ƙaramin kaskonta na ƙasa, ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki kamar yadda ta saba shekara da shekaru, ta shiga wanka da jaririya. Ni ina shago. Biyar na cika Kunkuru ya baro mazauninsa. Kaskon gajere ne, leza ta wuce ta samansa. A gabansa akwai bamba mai makunni a ciki, wadda in ta bugi abu mai nauyi takan danna ya ja da baya, amma kaskon bai da nauyin da zai danna ta. Haka ya tura shi a hankali a kan tayil, hayaƙi na tashi, har bakin kafet, kaskon ya tuntsure. Garwashi biyu suka zuba. Babbar 'yata, mai shekara 9, ita ta ji ƙauri ta fito ta yi ihu ta sheƙa ruwan buta. Yanzu akwai ƙuna biyu kamar kwabo a gefen kafet ɗin, na juya wajen ya koma ƙarƙashin kujera. Da yarinyar tana Islamiyya a ranar, ban san labarin da zan ba ku ba.

Da na dawo na zauna na yi ta juya shi a hannu. Babu abin jin zafi a jikinsa, babu na jin hayaƙi, babu hanci. A lissafinsa bai yi laifin komai ba, hanya ce a buɗe ya bi. Tun daga ranar na goge saitin lokacin. Ba ya tashi sai wani babba ya zagaya gidan ya duba ƙasa ya danna masa maɓalli da hannu. Wato babban abin da ake tallarsa da shi, ka fita ka dawo ka tarar an share, a gidana ya mutu. Duk mai sayen irin wannan a gidan da ake turaren wuta, ko ake ajiye risho ko maganin sauro mai hayaƙi a ƙasa, don Allah ya riƙe wannan ko ya manta sauran abin da na rubuta.

Kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Ɗana mai shekara 3 in ya ga silifa a hanya ɗauke ta yake yi ya wuce bai ma san ya yi wani abu ba, shi kuwa injin da ya zana gidana cikin minti 12 silifar nan ta fi ƙarfinsa. Wani masani, Hans Moravec, ya lura da haka tun 1988: abu ne mai sauƙi a sa kwamfuta ta yi wasan dara kamar babba, amma ba ta ganin da motsin ɗan shekara guda sai an sha wuya. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011, hukumar binciken sojan Amurka, DARPA, ta shirya gasar mutum-mutumin da za su iya shiga inda mutum ba zai iya ba. A wasan ƙarshe a 2015 a Kalifoniya, ayyuka 8 aka ba su, irin su tuƙa mota, buɗe ƙofa, murɗa bawul, hawa matakala. Na kalli bidiyon a shago da yarana muna ta dariya, injina na miliyoyin daloli suna zubewa ƙasa a bakin ƙofa kamar buhun masara. Wanda ya ci kyautar dala miliyan 2, na jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu, sai da ya yi minti 44 da ɗoriya a kan abin da lebura zai gama kafin shayinsa ya huce. Na ga a farkon 2025 kamfanin Roborock ya nuna injin shara mai ɗan hannu da ke ɗauke safa, abin da bai wuce giram 300 ba. Buta cike da ruwa dai sai a jira.

A cikinsa ta ƙasa akwai wasu idanu 4 masu kallon daɓe, suna harba haske irin na rimot ɗin talabijin wanda ido ba ya gani. In hasken ya dawo, akwai ƙasa, in bai dawo ba, rami ne, sai ya ja da baya. Da su yake kauce wa faɗawa daga matakalar baranda, kuma bai taɓa faɗawa ba. Amma baƙin abu shanye hasken yake yi. Dardumar ɗakina tana da baƙin zagaye a gefe, shi kuwa a ganinsa rijiya ce, ya zo bakinta ya yi turus ya juya. Wasu suna liƙe idanun da farar takarda, ni ban yi ba saboda barandar. In ƙura ta rufe su ma haka yake yi, ya tsaya a tsakiyar fili yana cewa yana bakin rami, sai an goge da tsumma. Rana kuma in ta faɗo ta ƙofar falo da la'asar tana rikita shi, don ita ma tana ɗauke da irin wannan hasken. Tsakar gida kam ban ma sake gwadawa ba bayan sau ɗaya: ga rana, ga yashi, ga kashin kaji. Can mulkin tsintsiyar kwakwa ne har gobe.

Dokin ƙofa in ya wuce santimita 2 ba ya hawa. Na kicin ɗinmu ya kusa 4, sai da kafinta ya yi mini 'yar gangara ta katako. Goge-gogen da aka ce yana yi kuwa, jiƙaƙƙen tsumma ne yake ja a bayansa, ba dirzawa. Tabon miya yana nan inda yake. Na cire tankin ruwan na ajiye.

Maganar wuta, laifina ne da farko. Ni mai haɗa wa mutane sola, sai na jona mazaunin cajinsa a soket ɗin da ba ya kan layin inbata. In batirinsa ya yi ƙasa yakan bi taswira ya dawo kusa da mazaunin, amma takun ƙarshe, na daidaita ƙarfensa da na caja, da hasken da mazaunin ke fitarwa yake yinsa. Ba wuta, ba haske. Sai ka gan shi a gaban wurin yana leƙe dama yana leƙe hagu, abin tausayi, ga gida a gabansa ya kasa shiga, har ya gaji ya mutu a nan. Na mayar da shi layin inbata magana ta ƙare. Na auna da mita, lokacin caji bai kai wat 30 ba, don haka ko ƙaramar sola ta riƙe shi. Batirin lithiyam ne, an rubuta volt 14.4 a jikinsa, kuma caji ɗaya yana gama mana gidan har da saura. Manhajar ce mai wahala: sai waifai mai zangon 2.4GHz, kuma in data ta ƙare ba ta ganinsa ko kana tsaye a kansa, don saƙon sai ya je uwar garken kamfanin a wata ƙasa ya dawo falonka. Maɓallan jikinsa dai suna aiki ba intanet.

Cikin azumi ne na gane halinsa na gaskiya. Kullum kafin magariba muna tura kujeru jikin bango, a fitar da teburin tsakiya, a shimfiɗa babbar leda ta buɗe-baki, bayan tarawi wani lokaci a mayar, wani lokaci a bari. Falon da ya haddace ba shi ne falon da yake tararwa ba. In canjin kaɗan ne yana jurewa, ya kewaye sabon abu ya gyara zanensa. Amma ran da aka jingina katifar baƙi a bango ta rufe lungun da yake gane wuri da shi, ya yi ta juyi a wuri ɗaya, sannan ya ce bai gane inda yake ba. Ya ɗora sabuwar taswira a karkace a kan tsohuwa, kicin ya hau kan falo, jan layin hana shiga da na ja masa a manhaja a bakin banɗaki ya koma tsakiyar ɗakin yara. Ranar har cikin banɗaki ya leƙa. Haka yake yi in ɗana ya ɗauke shi ya kai wani ɗaki, abin da masana ke kira matsalar mutum-mutumin da aka sace, suna mara daɗin ji a wannan zamanin namu, Allah Ya tsare. Yawanci cikin rabin minti yana gane kansa, sai fa a ɗakuna guda biyu da magini ya yi su awo ɗaya, nan kam canki-canka yake yi.

A cikin azumin ne wani kwastoma ya kawo mini irinsa gyara, mai araha, mara hula, batirinsa ya mutu. Na canza masa, na ce wa yarona na shago zan kai gida gwaji. Ya ce, "Oga, haɗa su dambe za ka yi?" Yara suka sa masa Buzuzu. Shi ba taswira, ba manhaja. Ya miƙe sai ya yi karo, ya juya ta inda ya ga dama, wani lokaci ya yi ta kewaya kamar katantanwa, wani lokaci ya bi bango. Haka Roomba na farko yake da kamfanin iRobot ya fitar a 2002. Ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin a 1990, Rodney Brooks na jami'ar MIT, tun shekarun 1980 yake jayayya da sauran masana cewa ba sai inji ya zana duniya a kansa ba kafin ya motsa, ƙwaro ba ya zana komai amma yana kai kansa inda zai je. A ba shi 'yan ƙa'idoji kaɗan, in ka yi karo juya, in ka ga rami ja da baya, sauran ya tambayi ƙasar da ke gabansa.

Buzuzu yana cin ninki uku na lokacin Kunkuru, ya share wuri ɗaya sau biyar ya bar wani ko sau ɗaya. Kallonsa ma haushi yake ba ni. Amma duk watan nan ko sau ɗaya bai tsaya ya ce ya ɓata ba. A tura kujera gabas, a jingina katifa yamma, shi ko a jikinsa, don ba abin da ya haddace balle a rikita masa. A ɗakin kwana, inda gado da sif ba sa motsi, Kunkuru ya yi masa fintinkau. A falon azumi kuwa, in za a yi adalci, jahilin ya fi malamin amfani.

Na sake su tare kuma, don in ga ko za su raba aiki. Ina! Buzuzu gajere ne, bai kai layin leza ba, don haka Kunkuru ba ya ganinsa sai sun yi gware. Sai ya ɗauka wani abu ne kafaffe, ya yi masa alama a taswira ya kewaye, ya dawo anjima ya tarar ba komai, can kuma su sake haɗuwa a wani lungu. Inda ɗaya ya share ɗayan bai sani ba. Sau ɗaya ma Buzuzu ya bangaje mazaunin cajin Kunkuru ya karkatar da shi, mai gida ya dawo ya rasa ƙofa. An ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya, to waɗannan biyun ba maɗauri.

Inda injina ke aiki tare da gaske, in ka duba, ɗayan biyu ne. Ko dai a yi musu sarki, kamar a rumbunan Amazon, wanda ya sayi kamfanin Kiva a 2012 kan dala miliyan 775: an manna alamomi a daɓe layi-layi, kwamfuta ɗaya tana raba wa kowanne hanya, an kuma kewaye filin an hana mutane shiga barkatai. Wato an hana duniyar motsi ne tukuna. Ko kuma a yi irin na gara. A 2014 masu bincike a jami'ar Harvard sun nuna wasu ƙananan injina masu gini da bulo, ba shugaba, ba magana tsakaninsu, kowanne ya zo ya dubi abin da aka riga aka ɗora ya san inda zai sa nasa, yadda gara ke tayar da suri ya fi mutum tsayi ba tare da ɗan kwangila ba. Na biyun nan shi ya fi kama da abin da gidajenmu ke bukata, amma ban ga alamarsa a kwalin da na saya ba.

Za a ce me ya hana ni sayen mai kyamara a gaba, wanda ke gane waya da takalmi ya kauce. Akwai su, iRobot ma ya fitar da wani a 2021 da aka horar musamman don ya gane kashin kare. Kuɗinsu ya fi, amma ba kuɗin ne ya hana ni ba. A Disambar 2022 mujallar MIT Technology Review ta ba da labarin hotunan da irin waɗannan injina na gwaji suka ɗauka a cikin gidajen mutane, har da wata mata a banɗaki, suka ɓulla a zaurukan Facebook ta hannun ma'aikatan da ake biya a Benezuwela su riƙa yi wa hotunan alama don koyar da na'ura. Kamfanin ya ce injinan gwaji ne, ba na kasuwa ba, kuma masu gidajen sun amince a ɗauka. Ko da hakan ne, ni ba zan saki kyamara tana yawo a ɗakin iyalina daga ƙasa tana kallon sama ba, a gidan da ko ƙanena sai ya yi sallama an ba shi izini. Zanen gidan da wannan ɗin ke aikawa waje ma bai kwanta mini ba sosai.

In gidanka tayil ne ko'ina, ba yara ƙanana, kaya ba sa yawo, kana da inbata, ko kuwa akwai mai asma ko mai ciwon baya a gidan, saye shi ba asara ba ne, amma ka haɗo da matata 4 da buroshin gefe kamar 6 tun daga can. In gidan yawa ne mai tsakar gida da siminti da tabarmi, kuɗin nan ka ƙara batir a solarka ya fi maka.

Mu dai yanzu mun saba. Yara na tafiya makaranta uwargida ta zagaya ta ɗauke wayoyi, ta naɗe sallaya, ta ɗora buta da kasko a kan taga, ta rufe banɗaki, sannan ta danna masa. Yaran ma sun koyi kwashe kayansu don kada Kunkuru ya cinye, abin da na yi shekaru ina faɗa ba a ji ba. Da Hajiya ta dawo ganin jikarta bayan Salla ta zauna ta kalli wannan hidima tun daga farko har ƙarshe, sannan ta ce wa 'yarta, yadda zan jiyo daga zaure, "Ni dai ban gane ba, shi ne ɗan aikinku ko ku ne nasa?"

Buroshin gefensa ya cinye tun watan jiya. Na zaga Farm Centre da Sabon Gari ban samu irinsa ba, sai na yanko gashin burushin wanki na ɗaure da siririyar waya na ɗiga masa gam. Yana juyawa, sai dai yana watsa ƙwayar shinkafa nesa fiye da na asali. Aminin nan nawa zai koma Guanzu wata mai zuwa, na riga na tura masa hoton buroshin da na matatar ta WhatsApp.